Mujiya a Saman Ƙofata

Litinin, 1 ga Satumba

Na karɓi makullin ɗakin. Yana tsakanin shagon mai ɗinki da kantin magani, taga ɗaya, fanka ɗaya mai kuka kamar ana yanka ta. Mai ginin ya ce ya ba ni zuwa ƙarshen wata. In ya leƙo bai ga mutane ba, mai gyaran waya na nan yana jira. Yana faɗa yana sakace haƙori. Na yi masa murmushi. Ni, da na tsufa ina koyar da adabi, yau ni ce ke yi wa mai sakace murmushi.

Aji ne na manyan mata da ba su samu karatu ba. Haka nake gaya wa kowa. A nan kuwa, tunda babu mai gani: saboda Yaya ne.

Watan jiya na raka ta banki. Yarinyar da ke bayan gilashi, wadda ko 'yar autata ta girme ta, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta ce, "Mama, ba kya sa hannu ko? Kawo yatsa." Yaya ta miƙa. Har muka iso gida babban yatsanta na dunƙule a gefen mayafi kamar ta sato abu. Ni na yi ta zazzaga masifa a mota, ita ko tana kallon titi ta taga. Matar da ta zauna gida jinyar Umma don ni in tafi makaranta. Ita ke goya ni har bakin ƙofar aji, ta sauke ni, ta juya.

Na ce mata zan buɗe aji. Ta ce, "In kin buɗe zan leƙo." Yaya ba ta maimaita alkawari.

Saura fosta da allon saman ƙofa.

Laraba, 3 ga Satumba

Na je wajen ɗan Yaya. Tsara zane a kwamfuta shi ne sana'arsa, da digirinsa, da ofishinsa, da ma'aikata biyu masu tafiya a hankali kamar suna tsoron tayar da barci. Sarkin Launi nake kiransa tun yana ɓata mini bango da alli. Yanzu ya tara gemu, ya maƙala tabarau da zan iya rantsewa ba na magani ba ne.

Na miƙa masa shafi biyu da na rubuta, abin da za a sa a fostar. Na sha wahalarsu, babu kalmar da ban auna ba. Ya ajiye su gefe kamar takardar ƙunshin gyaɗa.

"Inna, wa zai kalli fostar nan?"

Na ce mutane.

"Waɗanne?"

Na ce masu ido.

Bai yi dariya ba. A tsaye za su gan ta ko daga cikin mota? Da kaya a ka, ko hannu sake? Su kaɗai ko da 'ya'yansu? Na ce ɗana, fosta na zo nema, ba likita na zo gani ba. Ya ce in ba shi zuwa Asabar, zai yi tunani.

Tunani! Ni na yi tunanin, na rubuta, na kawo masa har tebur. Nasa kawai ya shafa launi.

Asabar, 6 ga Satumba

Ya juyo mini da fuskar kwamfutar yana wani jin kai kamar zai nuna mini jariri.

Koren fili. Hannun mace riƙe da biro. Ƙofa a gefe. Kalmomi huɗu: Rubuta sunanki da kanki. Shi ke nan. Na jira ya matsa ƙasa in ga sauran, ashe babu sauran.

Na ce ina shafi biyuna? Ya ce, "Suna nan, Inna, a cikin hoton." Irin maganar da ake koya musu ke nan. Na ce wannan ko akuya ka ba wa waya za ta yi shi kafin ta gama tuƙa. Ma'aikatan suka duƙar da kai. Matarsa ma tana nan, ta kawo masa abinci, kwano a hannu. Ya fara cewa wai mutanen da nake nema, kalmomi da yawa korarsu za su yi. Shi zai gaya mini abin da kalmomi ke yi!

Sai na faɗi wata magana.

Na ɗauki jakata na fito. Ban ma rufe musu ƙofa ba, sanyin na'urar ofishinsu ya zube a titi.

Lahadi, 7 ga Satumba

Cewa na yi: "Ba laifinka ba ne. Ɗan wadda ba ta iya karatu ba, dole ya ji tsoron kalmomi."

Ga ta nan na rubuta. A rubuce ta fi muni.

Talata, 9 ga Satumba

Ba na bukatar kowa. Akwai manhaja a waya cike da shiryayyun zane-zane, an dafa an ajiye, kai dai ka cire rubutun da ke ciki ka zuba naka. Na shiga sashen ilimi. Ruwan ido ya kama ni: alluna, fensira masu fuska, duniyoyi, tuffa a kan littafi. Can na gan ta. Mujiya, zaune a kan tarin littattafai, da hular kammala digiri, da manyan idanu, balan-balan na tashi a bayanta. Mujiya, alamar hikima. Duk wanda ya karanta wani abu ya san haka. Na ji kamar ni aka zana wa.

Wurin rubutun ɗan ƙarami ne, sai na rage girman haruffan. Na ƙara ragewa. Shafi biyuna sun shiga kaf, har da jimlar nan da nake ji da ita, cewa jahilci ɗaki ne da aka kulle daga waje. Kafin shayina ya huce na gama abin da wani ya nemi a ba shi kwanaki ya yi tunani a kai.

Na nuna wa Baban yara. Ya sauke jarida, ya matso da wayar, ya nisanta ta, ya ce, "Ya yi kyau. Kamar takardar alawa."

Na ce masa ra'ayinsa ya tsaya a shafin wasanni.

Laraba, 10 ga Satumba

Sarkin Launi bai kira ba. Ni ma ban kira ba. Waya na ringin, sai in ɗauka Yaya ce ta ji.

Juma'a, 12 ga Satumba

Mai buga takardu ya buɗe zanen ya yi dariya. "Malama, tsuntsuwar nan tana kasuwa bana. Masu makarantar rainon yara duk ita suke kawowa." Na ce masa nawa daban ne, ya duba rubutun. Ya matso da ido har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya ce, "Lallai akwai rubutu."

An buga. An kafa babban allon a saman ƙofa, fostoci kuma na bi titi da kaina ina mannawa: bakin famfo, tashar mota, ƙofar kasuwa. Daga tsallaken titi ba a ganin komai sai idanun mujiyar. Rubutun ya zama kamar tururuwa sun yi layi. Ba komai. Mai so zai matso.

Na kira Yaya na ce ranar Litinin, bayan la'asar, ƙofar da ke kusa da kantin magani. Muryarta yadda take kullum. Ba ta ji ba ke nan. Na sauke numfashi, sannan na ji haushin kaina da na sauke.

Litinin, 15 ga Satumba

An buɗe.

Na jera kujeru, na fere fensira, na sa rigar da nake ajiyewa don taro. Na rubuta jawabin maraba, shafi uku.

Ta farko da ta shigo, da yaro a hannu da wani a baya. Ta ce daga shekara nawa muke karɓa? Na ce ba iyaka, ko ta haura saba'in. Ta dube ni, ta dubi yaron, ta ce, "Shekararsa biyu." Ta biyu ta tambayi ko muna kwantar da su barcin rana. Wani mutum ya zo da tagwaye, yana son ragi tunda biyu ne. Ɗaya daga cikinsu ya yi mini fitsari a ƙarƙashin kujera yana kallona cikin ido.

Na ce da uban, ba ka karanta fostar ba? Ya ce, "Wallahi na fara."

Na fara!

Babbar mace ko ɗaya ba ta shigo don kanta ba. Yaya ma ba ta zo ba. Na zauna ni da fanka har duhu ya fara, na mayar da fensirorin cikin kwali.

Talata, 16 ga Satumba

Mata ba sa son karatu, shi ke nan. A kawo musu har ƙofa, kyauta, su gwammace zaman gulma. Na gaya wa Baban yara haka a kan abinci, da hujjoji. Ya ce mhm. Na tsani mhm ɗin nan.

Yau iyaye biyu da jarirai. Na kore su cikin ladabi. Na biyun ba cikin ladabi sosai ba.

Laraba, 17 ga Satumba

Mai ɗinki ta leƙo neman almakashinta da na ara. Tana fita ta juyo.

"Malama, shekaranjiya wata dattijuwa ta zo. Kamar ku ɗaya, sai dai fuskarta ta fi taki sanyi."

Na ce ina ta shiga?

"Ba ta shiga ba. Ta tsaya can tsallake, da sabon littafin rubutu a hannu, har da ledarsa. Ta daɗe tana kallon sama. Sai ta tura littafin cikin mayafi ta juya."

Na ce wataƙila wata ce. Ta ce wataƙila.

Sabon littafi. Ita ta je ta saya da kanta. Ban iya cin abinci ba.

Asabar, 20 ga Satumba

Na je gidan Yaya. Na same ta tana ninke wanki a tsakar gida. Ta tura mini rabin tulin ba tare da ta ɗago ba, kamar yadda take yi tun ina ƙarama. Muka yi ta ninki. Ta tambayi yara, ta tambayi gwiwar Babansu.

Na ce an ce an gan ki.

Ta ce, "Na leƙo. Ai cewa na yi zan leƙo."

Na ce me ya hana ki shiga?

Ta gama ninke zanen gado, ta daidaita gefensa, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, mujiya fa kika ɗora a saman ƙofa."

Na yi dariya. Wallahi na yi dariya, Allah ya yafe mini. Na fara mata bayani, da muryar aji, cewa a littattafai mujiya alamar hikima ce, tun zamanin da, a ƙasashe da yawa.

Ta ce, "To su na cikin littattafan su zo su cika miki kujeru."



Ta ce makon da Umma za ta rasu, kullum mujiya na kan rufin ɗakin tana kuka. Ita ke fita tana jifanta, ta tashi ta dawo. "Ke kina makarantar kwana, ba ki ji ba." Ta ce ba wai ta yarda tsuntsu na kashe mutum ba ne, ta san rai na Allah ne. Amma ba za ta bi ta ƙarƙashinta ta shiga ɗaki ba. Ta ce matan layinsu ma sun ga fostar a bakin famfo. Wata ta ce gidan rainon yara ne, wata ta ce ko ma na mene ne, ita ba da ita ba.

Na ce amma ai an rubuta komai a jiki, dalla-dalla.

Ta dube ni. Ba da fushi ba, da ma fushin ne. Ta ce, "An rubuta wa wa?"

Shafi biyu na rubuta wa matan da ba su iya karatu ba. Na auna kowace kalma. Na rage haruffa don kada ko ɗaya ta faɗi. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin haka ba, ko sau ɗaya, ko da ɗanta ya tambaye ni baki da baki. Ni mai kaifin kai. Ni da ke gyara wa masu karanta labarai nahawu daga kan kujera.

Na tashi zan tafi, ƙafata har ta shiga takalmi, sai ta ce daga bayana, tana ci gaba da ninki:

"Surukata ta ce kin ce ɗana tsoron kalmomi yake."

Na so ƙasa ta tsage.

"Ba tsoro ba ne. Tun yana aji biyu shi ke karanta mini su. Takardar magani, takardar wuta, har wasiƙunki da kike aiko mini daga makaranta, da na ajiye. Ya san nauyinsu a kan wanda bai iya ɗauka ba." Ta miƙo mini leda. "Ungo, kayan yaranki da suka bari. Ki gaida Babansu."

Ta sani tun ranar. Ta sani lokacin da na kira ta, ta amsa mini da muryar kullum, ta je ta sayi littafi.

Lahadi, 21 ga Satumba

Ban fita ba. Na ɗauko littafi, na ajiye. Na ɗauko wani. Duk suna kallona kamar abokan da muka yi ɓarna tare.

Litinin, 22 ga Satumba

Na hau kujera na sauke allon da kaina. Mai ɗinki ta riƙe mini ƙafar kujerar tana cewa, "A hankali, Malama, kada mujiya ta rama." Na bi titi ina ɓare fostocin da na manna. Gam ɗin ya kama sosai, ni na tabbatar da haka. A bakin famfo mata suka tsaya suna kallona ina kankara da makulli. Ido ɗaya ya ƙi fita. Yana nan a jikin bango har yanzu.

Mai gyaran waya ya zo wucewa, ya tsaya yana auna faɗin ƙofar da ido. Ya gaishe ni da fara'a. Na amsa. Ba ni da bakin faɗa yau.

Talata, 23 ga Satumba

Na je ofishin Sarkin Launi. Ban kutsa kai ba yadda na saba. Na zauna a bencin baƙi, jaka a cinya, ina jiran a kira ni.

Da ya fito ya ce, "Sannu da zuwa, Malama."

Malama. Yaron da na yi wa wanka a baho. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ya ce mu shiga ciki. Na ce a'a, a gabansu na faɗa, a gabansu zan janye. Ma'aikatan suka rasa inda za su sa idonsu. Na shirya jimloli masu kyau a hanya, duk suka gudu. Abin da ya fito shi ne, na yi maganar banza, kuma uwar da na taɓa ta fi ni komai, kuma ni ce jahilar. Na ji muryata tana rawa, abin ya ba ni haushi, sai na ƙara da cewa sanyin ofishin nan ya yi yawa, zai kashe su.

Ya cire tabarau ya goge. Ya daɗe yana gogewa. Sannan ya jawo kujera, ya ɗauki biro.

"Wa zai kalli fostar nan?"

Na ce, Yaya.

Ya rubuta. Ya ce, "A tsaye ko a mota?"

Na ce a tsaye, daga tsallaken titi, da littafi a ɓoye cikin mayafi.

Bai ɗago ba. Ya ce, "To, Inna."

Na yi kamar ban ji ba. Na ji.

Alhamis, 25 ga Satumba

Ya ce ba za a buga komai ba sai mai kallon ta gani. Muka ɗauki kwamfutarsa muka je gidan Yaya. Ya buɗe koren zanen nan nasa, ya ajiye a gabanta, ya koma gefe da jin kan nan nasa.

Ta kalla. Ta karkata kai.

"Wannan hannun na wace ce?"

Ya ce na wata mata ce.

"Bai taɓa wanke tukunya ba. Dubi farce kamar na 'yar tsana. Wannan ai ta riga ta iya rubutu, ba da ita kuke ba."

Ya yi tari. Ya ce a gaskiya hoton sayensa ya yi, akwai inda ake sayar da shiryayyun hotuna.

Shiryayyu! Na ji daɗi har cikin ƙashina. Maganganu uku suka taso mini a lokaci guda, kowace ta fi 'yar'uwarta kaifi. Na haɗiye biyu. Ta ukun ta kuɓuce: na ce ashe Sarkin Launi ma yana cin dafaffe. Yaya ta ce, "Ke, rufe mana baki." Na rufe. Shi kuwa ya yi dariya, ta farko tun ranar.

Ya ce to ina za a samu hannun da ya dace? Ba da wata manufa ya faɗa ba, na ga fuskarsa. Yaya ta dubi nata. Tabon ƙunar nan na bayan hannu, na ranar da ta tare tukunyar da na jawo ina rarrafe. Yatsun da sabulu ya cinye.

Ta ce, "Fuska ba za ta fito ba?"

Ya ce hannu kawai.

"Ban da zobena. Matan layinmu sun san shi."

Ta cire zoben ta ba ni riƙo. Ya sa mata biro. Ta damƙe shi kamar muciya. Na miƙa hannu zan gyara mata riƙon, ya ce, "Bar shi haka, Inna." Na bari.

Da ya gama ɗauka ya fara cewa, abin da za a rubuta a ƙasa shi ne, sai ta ɗaga masa hannu. Ta ce ba ta tambaya ba.

Asabar, 27 ga Satumba

Ya ce sai an shafa wa ƙofar ajin kore, irin na fostar sak, don mace ta gane ta ba sai ta tambayi kowa ba. Na buɗe baki zan yi gardama, sai na tuna.

Ni da Baban yara muka yi fentin. Ya ɗiga a takalminsa, ya ce a sa shi a fosta shi ma. Mai ginin ya zo ya tsaya, ya ce wa ya ba da izinin canza launi? Na ce in na tashi zan mayar masa da ƙazantar da na samu. Ya ce, "Ranar Talata wata ke ƙarewa, Malama." Na ce ina da kalanda.

Shafi biyuna suna cikin jaka. Ban jefar ba. Jimlar ɗakin da aka kulle daga waje tana da kyau, ko me za a ce.

Litinin, 29 ga Satumba

An kafa sabon allon tun jiya. Daga tsallaken titi hannun Yaya ya kai tsawon mutum.

Mata biyu suka zo. Ɗaya ta ce ɗinki ta kawo, ta yi kuskuren ƙofa, amma ba ta fita ba. Ɗayar ta ce jikarta ce ta karanta mata abin da ke jiki, sai ta ce wa yarinyar ta wuce gida.

Yaya ba ta zo ba. Ban kira ba. Ba ni da wannan hurumin.

Talata, 30 ga Satumba

Sun ƙaru. Ba su cika kujeru ba, amma sai da na ara ɗaya a kantin magani don wata ta ƙi zama kusa da taga, kada a gan ta daga titi. Mai ginin ya zo, bai shigo ba. Ya dubi takalman da ke bakin ƙofa, ya sakace haƙori, ya ce a gyara fankar nan tana damun maƙwabta. Ina jin ma'anarsa ke nan mun zauna.

Ya kamata in yi murna. Ina ta kallon tsallaken titi.

Laraba, 1 ga Oktoba

Ina share bakin ƙofa na gan ta. Can tsallake, daidai inda mai ɗinki ta ce. Tana kallon sama. Na ci gaba da shara kamar ban gani ba, na share wuri ɗaya har ƙasa ta fara ramewa.

Ta tsallako. Littafin a hannu, a fili, ta cire ledar.

Ta tsaya ƙarƙashin allon ta ce, "Yaron nan ya ƙara mini tabon."

Na ce bai ƙara ba, haka yake.

Ta nuna kalmomin da haɓa. "Guda huɗu ne ko?"

Na ce huɗu ne. Na ja numfashi zan karanta mata. Har bakina ya buɗe.

Ta ce, "Kar ki karanta. Bar mini su."

Ta cire takalmi ta shiga, ta wuce kujerun gaba, ta zauna can baya kusa da bango, ta buɗe shafin farko ta danne shi da tafin hannu.

Jawabin nan mai shafi uku yana kan tebur. Na dube shi. Na ce musu, sannunku da zuwa, ku ɗauki fensir.

Zobenta yana jakata har yanzu, ba ta tambaya ba. Fankar ta yi ta kuka. Ita ma Yaya riƙon fensir ɗinta bai gyaru ba, kuma ban ce komai ba. Ban san na iya ba.